Leeds, Landan, Faris ko Viyana: ina ya kamata ka je kallon takubba da sulkunan baraden Turai?

Mafi yawan mutanenmu da ke zuwa Turai ba yawon buɗe ido ke kai su ba. Karatu ne, ko taro, ko asibiti, ko ziyarar ɗa ko ƙane, kuma in an gama abin da ya kai mutum, da ƙyar yake samun yini ɗaya ko biyu na kansa. Wanda ya tashi yana kallon 'yan sulke da 'yan kwalkwali a hawan sallah, har yake marmarin ganin kayan da baraden Turawa suka shiga yaƙi da su shekaru ɗari biyar da suka wuce, dole ya ɗauki gida ɗaya ya bar sauran. Gidajen tarihin da suka yi suna a wannan fanni kuwa ba abu ɗaya suke nunawa ba. Wani na kayan sarakuna ne, wani na kayan talakan soja, wani kuma tarin wani attajiri ne da ya bi kasuwa yana sayen abin da ya burge shi.

Bizar da ke cikin fasfonka ita ce ta fara raba maka hanya gida biyu. Bizar Birtaniya ba ta shigar da kai Faransa, ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, kuma ba ta shigar da kai Ingila, duk da cewa jirgin ƙasa yana haɗa Landan da Faris cikin awa biyu da 'yan mintuna. Mai bizar Birtaniya zai zaɓa tsakanin Hasumiyar Landan, da Wallace Collection, da Royal Armouries na birnin Leeds. Mai Schengen yana da Faris, da Viyana, da Graz, da Madrid. A ɓangaren farko ni Leeds nake ɗauka, a na biyu kuma Viyana. Amma akwai mutanen da wannan zaɓi bai dace da su ba, zan kuma faɗi ko su waye.

Akwai 'yan abubuwa da in ka riƙe su, kallon zai fi yi maka amfani a duk gidan da ka shiga. Sulken da muka sani, na ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, shi ne Turawa ma suka dogara da shi ƙarnuka masu yawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A daidai waɗannan shekaru maƙeran Milan da na kudancin Jamus suna gab da kammala wani sabon aiki, wato sulken fallayen ƙarfe, wanda ake buga kowane yanki daidai da gaɓar da zai rufe, a haɗa su da ƙusoshi da maɗauran fata. Zuwa wajen 1420 barde yana iya rufe jikinsa da shi tun daga ka har tafin ƙafa. Ya yi tashe kamar shekara ɗari biyu, sannan bindiga ta yi ƙarfi, aka dinga sauke shi gaɓa-gaɓa, har a ƙarni na 17 abin da ya rage wa yawancin mahaya sai na ƙirji da baya da kwalkwali. Saboda haka galibin abin da za ka gani na ƙarni na 16 ne. Cikakken sulke na kafin 1450 kaɗan ne ya rage a duniya, kuma gidan da ke da ko guda ɗaya yana alfahari da shi. Batun nauyi ma kada ido ya ruɗe ka. Cikakken sulken yaƙi kilo 20 zuwa 25 ne, a rarrabe a duk jiki. Mai shi yana hawa doki da kansa, in ya faɗi ya tashi. Takobin hannu ɗaya bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Masu nauyi ainun su ne na wasan barade, inda mahaya biyu ke sukuwa su kara da mashi, don a can kariya kawai ake nema.

Hasumiyar Landan ita kowa ya sani, ita ce kuma zan fi jan kunne a kanta. Ginin kansa ya isa kallo: Farar Hasumiya da ke tsakiya Sarki William ne ya fara gina ta wajen 1078. A cikinta akwai jerin sulkunan sarakunan Ingila da ake nuna wa baƙi tun ƙarni na 17. Za ka ga sulken Henry na Takwas na wajen 1515, wanda aka shafe da azurfa aka zane shi har da na dokinsa, sannan ka ga na 1540, ka lura da yadda jikin mutumin ya buɗe cikin shekara ashirin da biyar. Akwai sulken Charles na Ɗaya da aka lulluɓe da ruwan zinariya, da wani sulken Japan da aka aiko wa James na Ɗaya kyauta a 1613. Kayan nan na gaske ne, ba a kuma samun irinsu ko'ina. Sai dai tikitin babba ya haura fam 30, kuma yawancin masu shiga kambin sarauta da duwatsu masu daraja suka zo gani, don haka cunkoso ba ya yankewa. Cikin Farar Hasumiya jama'a hanya ɗaya suke bi, na baya yana tura na gaba, ba ka samun sukunin tsayawa ka ƙare wa abu kallo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan tarin makaman ƙasar an kwashe shi daga nan zuwa Leeds tun 1996. Wanda ya zo da iyali yana son su ga tarihin Ingila gaba ɗaya a yini guda, Hasumiya ta dace da shi. Wanda takobi da sulke suka kawo shi, zai biya kuɗi mai yawa ya ga kaɗan.

Wallace Collection tana cikin Landan ɗin, a Hertford House da ke Manchester Square, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga titin Oxford, kuma shiga kyauta ne. Gidan wani dangin attajirai ne. Sir Richard Wallace ya sayi manyan tarin makamai biyu a 1871, na wani Bafaranshe, Comte de Nieuwerkerke, da wani kaso na tarin Sir Samuel Meyrick. Matarsa ta bar wa ƙasa komai da ta rasu a 1897, aka buɗe wa jama'a a 1900. Makamai da sulkunan da ke ciki sun kusa 2,500, a 'yan ɗakuna na hawan ƙasa, kuma kusan kowane ɗaya zaɓaɓɓe ne. Abin da zai fara tare maka ido shi ne wani barde bisa doki, shi da dokin duk cikin sulken Jamus na wajen 1480, ya ɗaga takobi sama. Ka matsa kusa ka dubi layukan da maƙerin ya tayar a jikin ƙarfen. Ado ne, amma suna da aiki irin na lanƙwasar kwanon rufi: falle marar kauri yana samun ƙarfi in an yi masa tudu da kwari. Akwai kuma sulken Lord Buckhurst na wajen 1587, daga maƙerar sarki ta Greenwich, da jerin siraran takubban da manyan mutane ke ratayawa a gari a ƙarni na 16 da na 17, waɗanda a ganina babu inda za ka ga mariƙai masu kyansu a wuri ɗaya haka. Ɗakin makaman Gabas ma ba na wucewa ba ne: takubban Farisa da Indiya da Turkiyya masu ruwa mai zane, kuma a gidan ne wani kan mutum na zinariya yake, wanda sojojin Birtaniya suka kwaso daga fadar Asante a Kumasi a 1874. Ɗan'uwa daga Ghana zai tsaya a gabansa da wani irin tunani dabam da na sauran masu kallo, kuma yana da gaskiya.

Raunin Wallace daga asalinta yake. Kayan sun biyo ta hannun dillalan ƙarni na 19, waɗanda sukan ɗauko kwalkwali daga nan, hannu daga can, su haɗa sulke guda, abin da ya ɓata kuma a ƙera sabo a cike. Masu kula da gidan ba sa ɓoye wannan, har barden nan na bisa doki akwai gyare-gyaren baya a jikinsa. Sannan da yawan kayan ba a san wanda ya sa su ba. Za ka ga gwanintar maƙeri iya gani, amma ba za ka fito da sanin yadda ake faɗa da abin ba. Duk da haka, ga wanda ke Landan yana da awa uku kacal, ban san wani zaɓi da ya fi ta ba. Babban masallacin Regent's Park ba shi da nisa daga nan, haka ma gidajen abincin Larabawa na Edgware Road, don haka sallar azahar da abincin rana ba za su zama matsala ba.

Leeds tana neman yini guda cur. Daga tashar King's Cross jirgin ƙasa yana ɗaukar awa biyu da 'yan kai, kuma in ba ka sayi tikiti da wuri ba kuɗinsa zai iya fin na shiga Hasumiya. Shiga Royal Armouries kyauta ne. An gina shi musamman don wannan tari, aka buɗe a 1996 a bakin wata tsohuwar tashar kwale-kwale. Da ka fara hawa matakala za ka ga wani dogon zaure da aka jera makamai sama da 2,500 a bangonsa, takubba da masu da sulkunan ƙirji, har sama. An raba gidan bisa amfanin makami: yaƙi, da wasan barade, da farauta, da kare kai, da sashen ƙasashen Gabas. Wannan rabo shi ne babban dalilin da ya sa na fifita shi. Mutum yana fahimtar cewa sulken da aka yi don fagen fama dabam yake da wanda aka yi don wasa, kuma takobin da soja ke riƙewa ba shi ne na ɗan kasuwar da ke tsoron 'yan fashi ba.

A nan sulken da aka ƙera wa Henry na Takwas yake, don gasar da aka shirya lokacin haɗuwarsa da Sarkin Faransa François na Ɗaya a 1520. An yi shi don faɗa a ƙasa, kuma ya rufe jiki ruf, har hammata da bayan gwiwa da mazaunai an bi su da ƙananan fallaye masu zamewa kan juna. Ba a ƙarasa ƙawata shi ba, domin Faransawa sun sauya ƙa'idar gasar, aka yi gaggawar haɗa masa wani mai fatari na ƙarfe, shi ma yana nan. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga wahalar lanƙwasa ƙarfe ɗaya daidai, zai daɗe a gaban wannan aiki. Akwai kwalkwalin nan mai ƙahon rago da fuskar mutum, aikin Konrad Seusenhofer na Innsbruck, ragowar wani sulke da Sarki Maximilian ya aika wa Henry a 1514. Akwai sulken giwa daga Indiya, mai nauyin kilo 118, wanda ya fi kowane sulken dabba girma a gidajen tarihi. Gidan ne kuma ke riƙe da rubutun hannu mafi tsufa a Turai kan koyar da faɗa da takobi da ƙaramar garkuwa, na farkon ƙarni na 14. Ka tambayi ma'aikata ko an fito da shi. Abin da Leeds ta fi kowa da shi, ma'aikatanta suna sa sulken kwaikwayo su gwada faɗa a gaban jama'a, kuma akwai filin dawaki a gefe inda ake wasan barade na gaske a wasu lokuta na shekara, musamman hutun Ista. Wanda ya ga mutum cikin sulke ya durƙusa ya miƙe ya kai sara, ba ya sake kallon na cikin gilashi kamar gunki. Ɗalibanmu da ke Manchester, ko Sheffield, ko Bradford, ko York ba su da uzuri, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ko kusa da haka ba.

In muka tsallaka teku, Faris ce ta fi sauƙin isa, musamman ga 'yan Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda harshen bayanan ba baƙo ba ne a wurinsu. Gidan tarihin soja, Musée de l'Armée, yana cikin Invalides, ginin da Louis na Sha Huɗu ya ba da umarnin yi a 1670 don tsofaffin sojoji da naƙasassu; gidan tarihin kansa an kafa shi a 1905. Sashen tsofaffin makamai ya ɗauko daga ƙarni na 13 zuwa na 17, kuma yana cikin mafi girma a duniya. A tsohon ɗakin cin abincin sojojin aka jera sulkunan sarakunan Faransa: na François na Ɗaya, wanda tsawonsa kaɗai zai gaya maka irin ƙaton mutumin da aka auna, da na 'ya'yansa da jikokinsa, har zuwa wanda birnin Venice ya ba Louis na Sha Huɗu a 1668, lokacin da sulke ya riga ya zama kayan ado. Akwai wani dogon ɗaki da aka tsara kamar rumbun makamai, ana leƙa shi ta gilashi, sulkuna jere bisa kantoci. Tikiti ɗaya yana kai ka har kabarin Napoleon da sassan yaƙin duniya biyu.

Wannan faɗin shi ne kuma abin da ke cinye yinin mutum. In ba ka ɗaure zuciya ka fara da sashen tsofaffin makamai ba, ƙafa za ta gaji kafin ka kai gare shi. Gidan yana da wani tarihi da ya shafe mu kai tsaye. A nan aka ajiye takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, wanda ya zauna shekaru a Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har ya auri 'yarsa. Sojojin Faransa ƙarƙashin Archinard suka ɗauko shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a Nuwamban 2019 aka miƙa shi ga Senegal; yanzu a Dakar yake. Ruwan takobin ƙirar Klingenthal ce ta Faransa, mariƙi da kube kuwa aikin Afirka ta Yamma. Don haka kada ka je Faris nemansa. Wanda hanyarsa ta tsaya a Faris ba zai yi asara ba ko kaɗan. Abin da ya sa ban sa ta a gaba ba shi ne, akwai inda ya fi ta a abu ɗaya da nake ganin shi ne gishirin wannan kallo.

Wannan abu shi ne sanin mai kaya. A Viyana, tarin makaman Habsburg, gidan sarautar da ya mulki Ostiriya, Hofjagd- und Rüstkammer, yana cikin sabon ɓangaren fada da ke kallon dandalin Heldenplatz, ƙarƙashin kulawar Kunsthistorisches Museum. Kada ka rikita shi da gidan tarihin soja na birnin, wanda ke wani wuri dabam kuma ya fi karkata ga zamanin bindiga. Kayan da ke nan ba a kasuwa aka tsinto su ba. An yi su ne don bukukuwan aure, da naɗin sarauta, da tarukan daula, da yaƙe-yaƙen da aka san ranarsu, kuma sun zauna a hannun dangi ɗaya tare da takardunsu. Kusan kowane sulke an san wanda ya sa shi, an san maƙerin, sau da yawa an san shekarar. Babban kaso ya fito daga hannun Yarima Ferdinand na Biyu na Tirol, wanda ya rayu daga 1529 zuwa 1595. Shi ne ya dinga aika wa manyan jagororin yaƙin zamaninsa da magadansu yana roƙon su ba shi sulkunansu, ya tara su a fadarsa ta Ambras kusa da Innsbruck, da sunan kowa da hotonsa. A 1806 aka kawo tarin zuwa Viyana don gudun sojojin Napoleon.

Saboda haka a Viyana kana tafiya ne tsakanin mutane masu suna. Ga sulken Friedrich, mai mulkin Palatinate, daga maƙerar dangin Missaglia na Milan, wajen 1450, sumul, mai kauri da zagaye, irin na da can da na ce kaɗan ya rage. Kusa da shi ga aikin Lorenz Helmschmid na Augsburg na shekarun 1480, siriri mai tsini, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin ƙololuwar salon Jamus. Ganin waɗannan biyun a gida ɗaya ya isa ya koya maka bambancin hannun Italiya da na Jamus fiye da duk wani bayani. Ga ɗan sulken da aka yi wa Charles na Biyar, babban sarkin gidan Habsburg, yana yaro, mai fatari da aka buga ƙarfensa ya yi ninki irin na yadi. Ga kwalkwalin da Filippo Negroli na Milan ya ƙera a 1532 da siffar kan mutum mai nannaɗaɗɗen gashi, kowane sili da guduma aka tayar da shi daga ciki. Ga kuma kayan da Jörg Seusenhofer ya yi wa Ferdinand ɗin nan a 1547, mai tambarin gaggafa, guntaye 87 da ake sauya haɗinsu: yau na yaƙi bisa doki, gobe na faɗa a ƙasa, jibi na wasan mashi. A nan ne ma kwalkwali mai kan akuya da takobin da ake dangantawa da Skanderbeg, gwarzon Albaniya, suke. Ɗakunan manya ne, masu ginshiƙan marmara, kuma ba su cika cunkoso ba, don yawancin baƙin birnin wajen zane-zane da fadar Schönbrunn suke nufa. Abin da Viyana ba ta da shi shi ne talaka. Komai na sarki ne ko yarima ko babban kwamanda, kuma mai kallo zai iya fita da zaton haka kowa ke shiga yaƙi.

Maganin wannan zato yana Graz, tafiyar kamar awa biyu da rabi a jirgin ƙasa kudu da Viyana, ta hanyar duwatsun Semmering. Landeszeughaus rumbun makaman jihar Styria ne, an gina shi tsakanin 1642 da 1645, kuma har yau kayan suna inda aka ajiye su, kusan guda 32,000 a hawa huɗu, bisa kantocin katako. Styria tana kan iyaka, kuma an tara makaman ne don a raba wa mutanen jihar in rundunar Daular Turkawa ta taso ko 'yan tawayen Hangari. Musulmi mai kallo ya san da wa aka yi shirin karawa, kuma sanin haka yana ƙara wa ziyarar nauyi. A 1749 Sarauniya Maria Theresa ta so a rufe rumbun don ta mayar da harkar soja hannun gwamnatin tsakiya, manyan jihar suka roƙa aka bar musu shi. Nan za ka ga kwalkwali iri ɗaya ɗari bisa ɗari, sulkunan ƙirji baƙaƙe, wasu da lotsawar harsashin da aka harba musu don gwaji kafin a biya maƙeri, da bindigogi, da dogayen masu, da takubban hannu biyu. Babu rubutun bayani a jikin yawancin kayan, saboda an bar wurin yadda yake, don haka ka karɓi na'urar saurare ko ka bi jagora. Lokacin sanyi ana taƙaita shiga, sai ka duba kafin ka hau jirgi. In Graz kaɗai ka gani, za ka ga yawa ba ka ga gwaninta ba. In ka haɗa ta da Viyana a kwana biyu, to ka ga sarki ka ga dakarensa, kuma a duk Turai ban ga haɗin da ya kai wannan ba.

Madrid sai in can hanyarka ta bi. Rumbun makaman fadar sarki yana da kayan Charles na Biyar da ɗansa Philip na Biyu, har da sulken da Charles ya sa a yaƙin Mühlberg na 1547. Mai sha'awar tarihin Andalus ya ƙara tafiyar rabin awa a jirgi zuwa Toledo, inda gidan tarihin soja ke ajiye da takobin Abu Abdullahi, sarkin Garnada na ƙarshe, wanda aka karɓe lokacin da aka kama shi a Lucena a 1483.

Duk wannan bayani ya fi karkata ga sulke, domin shi ke cika ɗaki. Wanda takobi ne zallar abin da ya dame shi, lissafinsa ya ɗan bambanta. Don kyan mariƙi da ado, Wallace. Don ganin yadda siffar ruwan takobi ta sauya, daga mai faɗi na sara a zamanin sulken zobba zuwa mai tsini na suka da aka yi don neman kafa tsakanin fallaye, Leeds da Faris. A ko'ina ka tsaya, ka sunkuya ka dubi ruwan kusa da mariƙi. Kwarin da ke bin tsakiyarsa don rage nauyi aka yi shi. Ƙananan tambura kuma na maƙera ne: kyarkeci mai gudu na garin Passau, wanda maƙeran Solingen suka ara daga baya, da jinjirin wata mai fuskar mutum. Waɗannan tambura ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Ruwan takubban Solingen da na arewacin Italiya sun ƙetaro Sahara tare da fatake, aka yi musu mariƙi da kube a Agadas da Kano da sauran garuruwa, haka kuma a Sudan. Da tamburan suka zama shaidar nagarta a kasuwa, maƙeranmu ma suka dinga buga irinsu a nasu aikin, shi ya sa ake yawan ganin jinjirin wata biyu a takubban Buzaye da na Hausawa.

In akwai takobin gado a gidanku, ko a gidan wani basarake da kake da shiga, ka nemi izini ka zare shi ka ɗauki hoton tamburan da waya kafin ka yi tafiya, gaba da baya, cikin haske mai kyau. Tambari kaɗai ba ya tabbatar da cewa ruwan daga Jamus ya zo, amma kwatanta shi da na cikin gilashi zai nuna maka ko hannu ɗaya ne ko kwaikwayo. Mai irin wannan bukata, in yana da Schengen kuma hanyarsa ta bi Kolon ko Düsseldorf, yana da wani zaɓin da ban lissafa a farko ba: garin Solingen kansa yana kusa da su, kuma yana da gidan tarihi na wuƙaƙe da takubba zalla, Deutsches Klingenmuseum, a unguwar Gräfrath. Ƙarami ne, ba shi da sulkunan sarakuna, rabin yini ya ishe shi. Kowane gida ka zaɓa, ka duba shafinsa na intanet a makon tafiyar, domin da yawansu suna da ranar hutu a mako, kuma akan rufe wani ɗaki don gyara ko a ba da aron wani sanannen abu ga wata ƙasa.